Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Jawabi Kan Gudu Da Abincin Mai Gudu

An shirya wannan jawabi domin cibiyoyin karatun manya na garin Tawa da ƙauyukan arewacin Adar. Malamin cibiya ya karanta ma jama'a shi sannu a hankali. In an kai ƙarshen kowane kashi, a tsaya a tattauna.

 

Maganar yau ta gudu ce. Wani zai ce: "Gudu ma sai an koya ma mutum? Ai da shi yaro ke tashi." Gaskiya ne. Ɗan Adar ya san gudu tun yana ƙarami. Yana bin awaki bisa dutsi. Yana korar jaki daga gona. Yana tsere da abokansa cikin rairai. Amma gudun wasa daban, gudun tsere daban. Kowane yaro na iya kama ɗan'uwansa ya kayar, amma ba kowa ke shiga filin kokowa ya fito da mutunci ba. Sai wanda ya koya, ya yi horo, ya ci ya ƙoshi. Haka gudu yake.

Gudu yana da amfani ga saurayi. Mai neman shiga soja ko jandarma, ana gwada gudunsa. Ɗan lakwal ma ana gwada shi. Akwai gasa tsakanin garuruwa da tsakanin jihohi. Ga kuma lafiya: gudu na ƙarfafa zuciya da huhu, yana rage ma mutum haɗarin hawan jini da ciwon sukari. Amma gudun da aka yi ba bisa tsari ba yana lalata gwiwa. Wanda aka yi da yunwa, ko cikin zafin rana, ko da ƙwaya a ciki, yana iya kai mutum kabari. Shi ya sa aka kawo wannan magana.

WAƊANDA SUKA RIGA SUKA YI

Tawa ba baƙuwa ba ce a fagen wasa. A nan aka yi gasar kokowar gargajiya ta ƙasa ta farko, a shekarar 1975. Kantu na Maradi ne ya ɗauki takobi. A shekarar 1972, Isaka Dabore ya kawo ma Nijar lambar tagulla ta dambe daga wasannin Olimpik na birnin Munik. A shekarar 2016, Abdul Razak Alfaga ya kawo ta azurfa daga birnin Riyo, a wasan taikwando. A fagen gudu kuwa, ƴar Nijar Aminatu Saini ta zo ta huɗu a gudun mita 200, a gasar duniya da aka yi a Amurka a shekarar 2022. Ta huɗu a duk duniya, kuma mace.

Akwai wani dogon gudu da ake kira maraton. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195. Daga Tawa zuwa Tabalak wajen kilomita 50 ne, kun ga kaɗan ya rage ya kai. A shekarar 1960, a birnin Roma, wani sojan ƙasar Habasha mai suna Abebe Bikila ya ci wannan gudu cikin awa 2 da minti 15, ba takalmi a ƙafarsa. Ɗan makiyayi ne. A shekarar 1964 ya sake cinyewa a birnin Tokiyo, wannan karo da takalmi. A shekarar 2019, Eliyud Kipcoge na ƙasar Kenya ya yi wannan nisa cikin abin da bai kai awa 2 ba, a wani gwaji na musamman.

Me waɗannan mutane ke ci? Masu gudun Kenya, yawancinsu ƴan ƙauye ne. Abincinsu tuwon masara ne, da ganye, da wake, da madara. Ba wani abin mamaki a cikin akushinsu. Irinsa na nan cikin rumbunan Adar. Abin da suka fi wasu da shi, shi ne tsari da haƙuri.

MISALIN SAMARI BIYU

A ɗauki misalin samari biyu, ƙauyensu ɗaya, shekarunsu ɗaya. An ce za a yi tseren kilomita 5 bayan wata uku.

Na farko ya ce shi ai gudu a jininsa yake. Bai yi komai ba sai da ya rage kwana uku. Daren tsere ya kwana a fada yana shan shayi. Da safe bai ci komai ba, wai don jikinsa ya yi sakayau. Wani aboki ya ba shi ƙwaya, ya haɗiye. Da aka busa usur ya fita kamar an harba kibiya, ya bar kowa a baya. Mutane suna ta kuwwa. Kafin a kai rabi, numfashi ya ƙare masa. Ƙafafu suka yi nauyi, ido ya rufe. A kan amalanke aka maido shi gida.

Na biyu ya fara tun ranar da ya ji labari. Kwana uku cikin mako yana fita bayan sallar asuba. Ya ce ma mahaifiyarsa: "Inna, don Allah a riƙa aje mini ɗan sauran tuwo, in na dawo in ɗumama." Ta ce: "To, Allah ya ba da sa'a. Ga nono nan ma cikin ƙwarya." Ranar tsere ya tashi da wuri, ya sha kunu, ya sha ruwa. Da aka fara bai yi gaggawa ba. Yana cikin na baya. Sannu sannu ya riƙa wuce waɗanda suka gaji, har ya kai ƙarshe da ƙarfinsa. Washegari ya tafi gona.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu sai a duba abin da na biyun ya koya.

YADDA MAI GUDU KE RIƘE JIKINSA

Kai da ido. Mai gudu ya miƙe tsaye, kamar macen da ta ɗauko tulu daga rijiya. Ba ta sunkuyawa, ba ta gantsarewa, kuma ruwa ba ya zuba. Ya duba gabansa, wajen taku ashirin. Kada ya riƙa kallon yatsun ƙafarsa. In kai ya sunkuya, ƙirji na matsewa, iska ba ta shiga sosai. Kada kuma ya riƙa waiwaye. Mai waiwaye na rage ma kansa sauri, yana kuma iya tuntuɓe.

Kafaɗa. A sake ta. In mutum ya gaji, kafaɗunsa na hawa sama har kusa da kunne. Wannan na cin ƙarfi a banza. Da ya ji haka, sai ya saki hannuwa ƙasa, ya girgiza su, ya ci gaba.

Hannu. A lanƙwasa gwiwar hannu, kamar kusurwar ɗaki. Hannu ya riƙa zuwa gaba da baya, yana wucewa ta gefen ƙugu. Kada ya riƙa gitta ƙirji, dama zuwa hagu. In hannu na gittawa, jiki duka na murɗewa, ƙarfin da ya kamata ya tafi gaba sai ya tafi gefe. Kada a dunƙule hannu kamar ɗan dambe. A riƙe shi kamar an ɗauki ɗan tsako: ba a matse shi ya mutu ba, ba a sake shi ya faɗi ba. Ƙafa na bin hannu. In hannu ya yi sauri, ƙafa ma za ta yi.

Gangar jiki. Jiki duka ya ɗan karkata gaba kaɗan, tun daga idon sawu. Ba a ƙugu ake lanƙwashewa ba kamar mai noma da kwashe.

Ƙafa. A nan ne mafi yawan kuskure yake. Saurayi na tsammanin dogon taku shi ne sauri. Sai ya jefa ƙafa can gaba, gwiwa a miƙe, ya sauka bisa diddige. Duk sa'ad da ya yi haka, kamar ya taka birki ne. Nauyin jiki na bugun gwiwa da ƙwauri da ƙugu. Bayan ƴan makonni sai ciwo ya fara. Abin da ya dace, ƙafa ta sauka kusan ƙarƙashin jiki, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Taku gajere, mai sauri, marar nauyi. Mai gudu ya saurari ƙafarsa. In ana jin dif, dif daga nesa, yana dukan ƙasa ne, ƙasa kuma na ramawa. Kada kuma ya riƙa tsalle sama. Gudu gaba ake yi, ba sama ba.

Ga yadda ake gwadawa. Aboki ya riƙe agogo. Mai gudu ya ƙidaya sau nawa ƙafarsa ta dama ta taka ƙasa cikin rabin minti. Manyan masu tsere na samun wajen 45, watau taku 180 ke nan a minti ɗaya da ƙafa biyu. Sabon shiga ba dole ne ya kai haka ba. Amma in bai kai 40 ba, ya ɗan rage tsawon taku, ya ƙara yawansa. A yi gyaran kaɗan kaɗan, ba rana ɗaya ba.

Numfashi. A shaƙa ta hanci da baki duka. Iska ta sauka har ciki ya kumbura, ba iyakar ƙirji ba. In suka ta kama gefen ciki, a rage sauri, a fitar da iska sosai, za ta lafa.

ƘASAR ADAR DA ƘAFAR MAI GUDU

Ƙasar nan iri biyu ce: ga rairai, ga dutsi. Kowace da yadda ake bi da ita.

Gudu cikin rairai mai zurfi na ƙarfafa ƙafa, amma yana gajiyar da jijiyar bayan diddige. Sau ɗaya a mako ya isa. In ana hawan tudu, a rage taku, a yi aiki da hannu, a dubi gaba. In ana gangara, kada a jefa ƙafa nesa, kada a kwanta baya. A bisa fako da tsakuwa, a ɗaga ƙafa, a lura da duwatsu, don targaɗe ba ya sallama. Mafi kyau ita ce hanyar ƙasa mai ɗan tauri, irin ta amalanke. Wanda ke bin bakin kwalta, ya bi gefen da zai riƙa ganin motar da ke zuwa gabansa.

An ce Abebe Bikila ya yi gudu ba takalmi. Amma titin Roma ba shi da ƙarangiya, ba shi da tsidau, ba shi da ƙayar aduwa. Mai gudu a Adar ya nemi takalmi. Ba sai mai tsada ba. Ya zama marar nauyi, mai igiya, kuma da ɗan wuri gaban babban yatsa, kamar faɗin yatsan hannu. Silifa ba takalmin gudu ba ne. Kada a sa sabon takalmi ranar tsere. In ƙaya ko ƙusa ta soki ƙafa, a wanke da ruwa da sabulu, a je gidan likita a tambayi allurar rigakafin ciwon sandarewar jiki.

SANNU BA TA HANA ZUWA

Zuciya da huhu na saba ma gudu da wuri. Ƙashi da jijiya sun fi su jinkiri. Shi ya sa mai gaggawa ke jin rauni.

Sabon shiga ya fara da kwana uku a mako, da hutu a tsakani. Makon farko: gudu minti 2, tafiya minti 2, har a cika minti 20. Kowane mako a ƙara gudun kaɗan, a rage tafiyar. Bayan wata biyu, yawancin samari masu lafiya na iya yin rabin awa ba tsayawa.

Mafi yawan gudun horo a hankali ake yin sa. Ga ma'auni: in mai gudu na iya hira da abokinsa suna cikin gudu, saurin ya yi daidai. In magana ta gagara, ya yi yawa. Gudun sauri rana ɗaya ake ware masa a mako, bayan jiki ya saba. A zaɓi itace biyu masu nisan taku ɗari. A yi gudu da ƙarfi daga wannan zuwa wancan, a dawo da tafiya. Sau biyar ko shida ya isa.

Kafin a fara, a ɗumama jiki da tafiya mai sauri da sassarfa na minti 10. Bayan an gama, a taka a hankali har numfashi ya dawo. Barci ma horo ne. Cikin barci jiki ke gyara abin da gudu ya ɓata. Saurayi na bukatar awa 8. Wanda ke kwana a fada har tsakar dare, ya zaɓa: ko butar shayi, ko tsere. Lokacin noma da girbi, aikin gona ya riga ya ci ƙarfi. A rage gudu, gona ce gaba.

Gajiyar cinya bayan gudu ba komai ba ce, kwana biyu ta wuce. Amma ciwon da ya tsaya wuri ɗaya, a gwiwa ko ƙwauri, yana ƙaruwa in ana gudu, yana sa ɗingishi, wannan gargaɗi ne. A huta. In bai bari ba, a ga likita.

ABINCI IRI UKU

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ko mutum ya iya taku kamar barewa, in ciki ba komai, ba inda za shi. Abinci kashi uku ne, kuma mai gudu na bukatar kowane.

Na farko, abinci mai ba da ƙarfi. Shi ne hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, dabino. Shi ne itacen da ke cikin murhu. Jiki na ajiye wannan ƙarfi cikin tsoka da hanta. Ajiyar ba ta da yawa. Gudu mai ƙarfi na wajen awa ɗaya da rabi na iya cinye ta. Shi ya sa tuwo da fura da kunu su ne uwar abincin mai gudu. Hatsi abinci ne mai daraja, kada kowa ya rena shi. In ana surfe, kada a cire dusa ƙwarai da gaske, don akwai amfani a cikinta.

Na biyu, abinci mai gina jiki. Shi ne wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, nono, cuku, ƙwai, kifi, nama, kilishi, fara. Shi ne tubalin da ake gyara katanga da shi bayan ruwa ya ci ta. Nama na da tsada, amma wake na nan. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake abin gina jiki ne. In aka haɗa wake da hatsi ko shinkafa, kowane na cika abin da ɗan'uwansa ya rasa. Fura da nono ma haka ne. Arewacin Adar ƙasar kiwo ce, ga nono, ga cuku. Ga kifin tabkin Tabalak. Ranar Lahadi, kasuwar Tawa ba abin da babu. A tafasa madara kafin a sha ko a bari ta yi tsami. A guji gujiyar da ta yi fumfuna. A guji farar da aka kashe da maganin feshi.

Na uku, abinci mai kare jiki. Shi ne ganye da ƴaƴan itace: tamaka, wadda wasu ke kira zogala, kuka, yakuwa, rama, tafasa, lalo, kabewa, karoti, shu, tumatir, mangwaro, goba, lemu, kankana, magariya. Shi ne darnin da ke hana dabba shiga gona. Lambunan rani na kwaruruka da bakin tabki na ba da su. In da damina ganye ya yi yawa, a shanya shi a inuwa, a ajiye ma rani.

MAGANAR JINI

Jini ne ke ɗaukar iska daga huhu ya kai ma tsoka. In jini ya yi ƙaranci, mai gudu na haki tun bai yi nisa ba. Zuciyarsa na bugawa da sauri, yana jin jiri, cikin fatar idonsa ya yi fari. Jiki na bukatar wani sinadari mai suna ƙarfe don ya yi jini. Ana samun sa cikin hanta, nama, kifi, wake, hatsi da ganye. Tumatir ɗanye, lemun tsami, goba da garin ƴaƴan kuka na taimakon jiki ya ɗauki ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa na hana shi. Don haka a bar awa ɗaya ko biyu tsakanin cin abinci da shan shayi.

Zazzaɓin cizon sauro na cin jini. Tsutsar ciki ma haka, da tsargiya da ake ɗauka wajen wanka a tabki. Mai gudu ya kwana cikin gidan sauro. Wanda ya ga jini cikin fitsarinsa ya je gidan likita, akwai magani. Ƴan mata sun fi samari bukatar abinci mai ƙara jini, saboda al'adar wata. Iyaye su kula da wannan.

YAUSHE AKE CI?

Ba a gudu da ciki cike. Bayan tuwo ko shinkafa da wake, a jira awa 2 ko 3. Mai fita da asuba ya sha ruwa, ya ci dabino biyu ko uku, ko ya sha kunu kaɗan. In ya dawo, kada ya daɗe bai ci ba. Cikin awa ɗaya ya samu fura da nono, ko ɗumame, ko kunu da ƙosai. Da rana, fura mai kauri ko dambu da tamaka da ƙuli-ƙuli. Da dare, tuwo da miyar ganye, da wake ko ɗan kifi in an samu. Daren tsere a ci abin da aka saba, ba mai yawan mai ba, ba mai yawan yaji ba. Ba ranar tsere ake gwada sabon abinci ba.

Akwai wata gaskiya da ba a ɓoye ta. Wata shekara damina ba ta kyau. Rumbu na yin ƙasa tun kafin shuka, fura ta koma ruwa ruwa. A irin wannan lokaci mai gudu ya rage gudu. Jikin da ba ya samun abin da ya ishe shi, in aka matsa masa, kansa yake ci. Kuma saurayi kada ya cinye rabon ƙannensa ko na mai ciki da sunan horo. Tsere na jira, yaro ƙarami ba ya jira.

RUWA DA ZAFIN RANA

A watan Afrilu da Mayu, zafi a Tawa na wuce digiri 40. Mai gudu cikin zafi na iya zubar da zufa litir ɗaya ko fiye cikin awa guda. Don haka a yi gudu bayan sallar asuba, ko da yamma in rana ta yi sanyi. Kada a yi da tsakar rana. A sa tufa marar nauyi mai haske. Masu sa rigar leda wai don su yi zufa, suna wasa da ransu. Ranar da ƙura ta rufe gari lokacin hunturu, a huta.

A sha ruwa mai tsabta, wajen rabin litir, awa 2 kafin gudu. In gudun ya yi tsawo, a riƙa kurɓa kaɗan kaɗan. Ba a ɗura ma ciki ruwa fiye da kima. Fitsari ne ma'auni. In ya yi fari fari, ruwa ya isa. In ya yi ja kamar shayi kuma kaɗan ne, jiki na neman ruwa. Bayan dogon gudu mai yawan zufa, ana iya haɗa ruwan gishiri da sukari, irin wanda ake ba mai zawo: ruwa mai tsabta litir 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

In mai gudu ya fara tangaɗi, yana magana ba kan gado, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ko ya faɗi, zafi ne ya buge shi. Wannan na kisa. A kai shi inuwa nan take. A cire masa riga, a zuba masa ruwa a jiki duka, a yi masa fifita. In yana cikin hankalinsa, a ba shi ruwa ya sha. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a ci gaba da jiƙa shi, a gaggauta kai shi gidan likita.

Cikin watan azumi a rage gudu. Mai so ya yi kaɗan bayan ya sha ruwa ya huta. Ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur.

ƘWAYA BA ƘARFI BA CE

Akwai masu yawo da magani cikin kasuwa suna cewa na ƙarfi ne. Mafi shahara shi ne tramol. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, likita kaɗai ya kamata ya ba da shi. Ba ya ƙara ma tsoka komai. Abin da yake yi, yana rufe bakin gajiya, jiki na kuka mutum bai ji. Yana sa farfaɗiya. Yana iya tsayar da numfashi. Wanda ya saba da shi, barinsa na yi masa wuya, kuɗinsa su ƙare, hankalinsa ya taɓu. Tun daga ranar 1 ga Janairu 2024, hukumar duniya mai hana shan ƙwaya a wasanni ta haramta shi cikin gasa. Wanda aka kama, ana karɓe nasararsa, a dakatar da shi. Taba ma abokiyar gabar huhu ce. Kuɗin ƙwaya da taba na mako ɗaya, in aka sayi wake da ƙwai da su, sun fi amfani nesa.

WA YA KAMATA YA GA LIKITA TUKUNA?

Mai jin ciwon ƙirji in ya yi aiki. Wanda ya taɓa suma cikin gudu. Mai fuka. Mai amosanin jini, wanda ake kira sikila. Mai hawan jini ko ciwon sukari. Wanda ya manyanta kuma ya daɗe bai motsa jiki ba. Mai zazzaɓi kuwa ba ya gudu sam, sai ya warke ya samu ƙarfi. Dattijon da gudu ya fi ƙarfinsa, tafiya mai sauri ta rabin awa ta ishe shi, kuma tana da amfani mai yawa.

AIKIN GARI DUKA

Ƴan kokowa na da makaɗa da masu ba su abinci, gari duka na bayansu. Mai gudu ma na son haka. Mai gari da shugabannin matasa na iya ware hanya ɗaya, a share ƙaya, a auna kilomita 1, a sa dutsi a kowane mita 100. Mushen lakwal na iya taimakawa wajen awo. Iyaye su ba yara abin kari kafin su tafi lakwal. Yarinyar da Allah ya ba sauri, a bar ta ta yi gudu tare da ƴan'uwanta mata, cikin sutura ta mutunci. Ba wanda ya san ƙauyen da wata Aminatu za ta fito.

Ga kuma inda karatu ke shigowa. Mai gudun da ya iya rubutu ya samu ɗan littafi. Ya rubuta rana, da nisan da ya yi, da mintin da ya ɗauka, da abin da ya ci, da inda ya ji ciwo. Bayan wata ɗaya ya duba. Littafin zai gaya masa ko yana ci gaba, ko ya yi yawa, ko abinci ne ya kasa. Wanda bai iya ba tukuna, ga dalilin zuwa cibiya ya samu.

Jama'a, wanda ya ji ya gaya ma wanda bai zo ba. Allah ya ba da lafiya, ya ba da damina mai albarka. Wassalamu alaikum.

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA

1. A ina ya kamata ƙafar mai gudu ta sauka? Wani ya tashi ya gwada ma jama'a.
2. Cikin abinci iri uku, wanne ya fi wuyar samu a ƙauyenku? A wane wata? Me za a yi?
3. In zafi ya buge mai gudu, me ake fara yi?
4. Kowa ya rubuta cikin littafinsa abin da ya ci jiya, ya raba shi kashi uku.